Kayan Marmari Daga Zuba

Litinin, 6 ga Mayu, ƙarfe 12:40 na rana

Na sayi littafin nan ne don in rubuta labarin soyayya nawa na kaina. Shafi huɗu na yi tun bara na tsaya. Yau na juya shi ta baya, domin abin da zan rubuta ba labari ba ne, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Wajen sha ɗaya aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ina kwance da waya a hannu, ina babi na talatin na wani littafi da aka turo a gurup ɗinmu. Na zura hijabi na buɗe. Zacharias ne, wanda teburinsa yake kusa da na mijina Ameer a ma'aikata. Na san shi, ya zo bikinmu, shi ne ya ci tuwo da cokali ana ta tsokanarsa. Yana riƙe da ledar madara da sukari irin ta dubiya. Ya gaishe ni, ya tambayi jikin oga.

Na ce wane ogan? Ya ce Ameer mana. Na ce ai yana ofis, ƙarfe bakwai ya fita, ni na goge masa kaftanin da ya saka.

Ya kalle ni, ya kalli ledar hannunsa.

"Madam, sati bakwai ke nan Ameer bai taka ofis ba."

Wai tun cikin azumi Ameer ya tura masa saƙo cewa ba ya jin daɗi, ya rufa masa asiri. Kullum da safe shi yake sa masa hannu a rajistar zuwa aiki. Ya ce yanzu ya fi iya sa hannun Ameer a kan nasa, ya yi 'yar dariya, ya ga ban yi ba, ya haɗiye ta. Abin da ya kawo shi: ranar Alhamis 23 ga wata za a tantance ma'aikata. Kowa zai zo da kansa da takardunsa, ya ɗora babban yatsa a na'ura. Wanda bai zo ba, a cire sunansa. Ya ce sa hannu zai iya, amma yatsa ba a aronsa. Kuma Ameer ya daina ɗaga kiransa.

Sati bakwai. Ni nake goge kayan.

Litinin, bayan Magariba

Biyar da rabi ya dawo kamar kullum, da ledar mangwaro da abarba biyu. Ya yi sallama da fara'a, ya ce, "Hajiyar littattafai, yau wa ya auri wa?" Ya yi ƙorafin cunkoson hanyar Kubwa. Ya ba ni labarin yadda ogansu ya yi faɗa a kan wani fayil. Na yi dariya a inda ya kamata. Ya ci shinkafa har da ƙari.

Madarar tana bayan buhun shinkafa, na ɓoye.

Talata, 7 ga Mayu, ƙarfe 10:15 na safe

Na kira shi. Bugu ɗaya ya ɗaga, kamar kullum. Ya ce yana ofis. A bayansa wani yana kira a matsar da mota za a sauke kankana.

Laraba, 8 ga Mayu, ƙarfe 3:00 na yamma

A duk littafin da na karanta, namijin da ya ɓoye inda yake zuwa, wata ce a waje. Na san yadda ake ganewa. Na shinshina rigunansa, na laluba aljihu, na duba kujerar gaba ko zan ga gashi ko ɗankunne. Ƙamshin ɓawon lemo kawai.

Kayan marmarin nan. Har alfahari na yi da su a gurup. Na ɗauki hoton firij na tura, na ce ga irin miji, kullum sai ya ratsa kasuwar Zuba saboda ni. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba yaya mai aiki a tsakiyar gari yake ratsa Zuba a hanyarsa ta dawowa gida Dutse Alhaji. Wayar ma haka. Kwana yake da ita a hannu, ko banɗaki zai shiga sai ya jingina ta a taga. Na ce so ne.

Na kasa riƙewa, na shiga wajen Maman Serah. Ƙofarta tana kallon tamu, tela ce, 'yar Kafanchan. Ita ta kai ni asibiti ranar nan ta Fabrairu. Tana gani na da kwanon mangwaro ta ce, Amarya, ku tausaya mana, cikin 'ya'yana ya gaji, ko mijinki ya ci gadon lambu ne? Da na faɗa mata, ta tsayar da keken ɗinkin.

Ta ce namiji mai budurwa ɓoye waya yake yi, kuma ba ya dawowa biyar da rabi. Ta ce gobe mu je Zuba mu gani da idonmu.

Alhamis, 9 ga Mayu, ƙarfe 2:30 na rana

Mun je Zuba.

Mota biyu muka shiga. An yi ruwa da asuba, kasuwar duk taɓo da ɓawon ayaba. Mun fi awa muna zagaye kafin Maman Serah ta taɓa ni. Motarmu ce, a bayan manyan motocin lemo, ƙarƙashin wata bishiya.

Yana ciki. Shi kaɗai. Da hularsa, da katin aiki rataye a wuya, da kaftanin ruwan toka da na goge jiya. Hannu ɗaya a kan sitiyari, ɗaya riƙe da waya. Ba ya danna ta. Ba ya barci, ba ya jan carbi, rediyo a kashe. Gabansa kawai yake kallo, kuma babu komai a gaban sai bango. Mun tsaya a bayan tulin kankana kusan minti ashirin. Ƙuda ya sauka a kumatunsa bai kore shi ba.

Wannan ba fuskar da take shigo min gida ba ce. Na rantse da a hanya na gan shi da na wuce.

Wani dattijo mai lemo ya ga muna kallon motar. Ya ce ai ogan nan mutumin kirki ne, kullum nan yake tun safe har la'asar, sallah kawai take fito da shi, sannan ya sayi kaya ya tafi, ba ya ma taya farashi. Na ce me yake yi a ciki? Ya ce ya taɓa tambayarsa, ya ce masa jiran kira yake.

Na so in je in buɗe ƙofar. Maman Serah ta riƙe ni muka juya.

Na shirya wa kishi. Har kalaman da zan faɗa na tanada. Wannan ban san sunansa ba.

Juma'a, 10 ga Mayu, ƙarfe 6:00 na yamma

Yau gwanda da lemo. Na ce an gode.

Asabar, 11 ga Mayu, ƙarfe 1:20 na rana

Da hantsi ya fita wanke mota. Ya wanke ta jiya, ya wanke ta shekaranjiya. Na ɗauki lemo ɗaya na zauna a bakin ƙofa ina ɓarewa, don hannuna ya samu abin yi. Na ce masa Zacharias ya zo. Na ce na je Zuba.

Bai juyo ba. Ya ci gaba da goge ƙofa ɗaya, wuri ɗaya, har na ƙirga sau ashirin. Na zata zai musa, ko ya yi fushi. Sai ya ajiye tsumman ya zauna a ƙasa, a cikin ruwan kumfar.

Ya ce kullum da niyyar ofis yake fita. Yana zuwa kwanar ƙarshe, ya hango get ɗin ma'aikatar, sai ƙirjinsa ya ɗaure, ƙafarsa ta yi nauyi kamar an zuba mata siminti, sai ya ga ya wuce. Zuba ce kaɗai inda ba wanda zai tambaye shi ya gida.

Na ce to me yake damunka, baƙin ciki ne?

"Da baƙin ciki ne da na gode wa Allah, Nabilah. Ba na jin komai. Abincinki kamar kwali nake taunawa. Dariyar nan da kike gani, a mota nake shirya ta kafin in shigo."

Ni da na yi kusan wata uku ina jin haushinsa a ɓoye. Tun Fabrairu, da muka rasa jaririyarmu. Ni ina kuka har idona ya kumbura, shi yana cin tuwo, yana kallon ƙwallo, yana amsa gaisuwar mutane da "Allah ne ya bayar, Shi ya karɓa" ba tare da muryarsa ta yi rawa ba. Na ce a raina bai damu ba. Na ce maza haka suke.

A littafi, wanda abu ya dama rama yake yi, ya ƙi abinci, ya kwanta ya juya wa duniya baya. Ba wanda ya taɓa rubuta mai ƙarin shinkafa.

Lahadi, 12 ga Mayu, ƙarfe 4:45 na yamma

Maman Serah ta shigo bayan ta dawo daga coci, ko ɗaurin kanta ba ta cire ba. Ta ce akwai abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa a gidan nan ba. Bayan haihuwar Serah ta yi wata takwas ba ita ba ce. Na ce kuka? Ta ce ina, ko ɗigo. Faɗa. Wai ƙarar cokali a kofi kawai sai ta ji kamar ta shaƙe mutum. Ta fasa faranti ya fi goma, har mijinta ya koma sayen na roba. Kowa ya ce baƙin hali ne, surukarta ta ce dama ta faɗa. Sai wata nas a cocinsu ta ja ta zuwa wurin likita. Ciwon damuwa, aka ce mata.

Ta ce, "Amarya, abin nan ba fuska ɗaya gare shi ba. Nawa ihu yake yi. Na ogan ki shiru yake yi."

Ta rubuta min sunan likitar a bayan takardar awon ɗinki.

Litinin, 13 ga Mayu, ƙarfe 8:10 na safe

Na kawo maganar likita ana karin kumallo. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Na ce ban ce ba. Ya buga kofin a tebur har shayi ya fallatsa a bango, ya ce in bar shi ya sha iska, ko sai na kai shi an ɗaure?

Shekara biyu da aure, yau na fara jin muryarsa a sama. Shi ma kamar ya tsorata da ita. Ya tsaya yana kallon bangon. Ya ɗauko tsumma ya goge, ya fita.

Saura kwana goma.

Talata, 14 ga Mayu, ƙarfe 12:00 na rana

Jiya ya dawo da kankana ya ajiye min a gaba. Na gane haƙuri yake bayarwa.

Yau na ce zan raka shi, mu gwada. Hira muke yi lafiya lau har muka shiga gari. Ana hango get ɗin ya yi shiru. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula, ga sanyin mota. Na ga ya damƙe sitiyari da ƙarfi. Muka wuce. Muka zagayo. Muka sake wucewa. A zagaye na uku ya faka a gefen titi ya kifa kansa.

Ya ce ranar Alhamis mu je wurin likitar.

Alhamis, 16 ga Mayu, ƙarfe 3:30 na yamma

Ba abin da na zata ba ne. Babu sarƙa, babu ihu. Benci, fanka, mutane da kaya masu tsabta, wani ma da jakar ofis. Likitar mace ce mai ƙaramar murya, Dakta Prudence. Ta gan shi shi kaɗai kusan awa ɗaya, sannan ta kira ni.

Ta ce ciwo ne, yana da magani, amma ba na kwana uku ba ne. Ta ce wani yana zuwar masa da kuka, wani da fushi, wani da ciwon jiki da gajiyar da barci ba ya kashewa, wani kuma kamar an kashe masa fitila a ciki alhali fuskarsa tana dariya. Ta rubuta magani, ta sa masa ranakun dawowa su yi magana. Ta ba shi takarda ya kai ofis. Amma ta ce tantancewa sai da yatsansa, wannan ba ta da iko a kai.

Ina ɗaukar jakata ta ce, ke fa, Madam, yaya kike kwana?

Na ce ni ai na warke, na daina kuka tun sallah. Ta tambayi me nake yi da rana. Na ce karatu. Littafi nawa a sati? Na ce takwas, tara. Ta ce in ba ta labarin na ƙarshe.

Na buɗe baki. Babu. Ko sunan yarinyar ban tuna ba. Jiya na gama shi.

Ta tambayi rabona da kitso, rabona da zuwa gidan wani, rabona da in kira mahaifiyata ni da kaina. Ameer yana kallona kamar yadda na kalle shi a Zuba.

Ta ba ni rana ni ma.

Juma'a, 17 ga Mayu, ƙarfe 11:00 na safe

Na kwance kaina. Kitson nan tun na kafin asibiti ne.

Lahadi, 19 ga Mayu, ƙarfe 5:00 na yamma

Na riƙe waya na buɗe sabon littafi, na rufe. Da can ina karatu ne don in ji daɗi, har in tashi in kwaikwayi maganar jarumar a gaban madubi. Yanzu na gane don kada in ji komai nake yi. Daga gado zuwa kicin, ido a waya, don kada in kalli ƙofar ƙaramin ɗakin da muka shirya wa jaririyar.

Ashe mu biyu ne a gidan nan, kowa a cikin tasa motar.

Litinin, 20 ga Mayu, ƙarfe 2:00 na rana

Bai fita ba yau. Maganin yana sa shi jiri. Muna zaune a falo ina yanka abarba saboda ta fara lalacewa, sai ya ce ko na tuna wa ya fara aika shi Zuba. Na tuna. Nas ɗin awo ce ta ce in riƙa cin kayan marmari. Duk Asabar yake zuwa, ya dawo yana cewa wannan ba naki ba ne, na mutuniyata ne.

Ya ce ya san babu mai ci yanzu. Amma in bai saya ba, kamar ya yarda ne.

Sannan ya faɗi na ofis. Ranar nan suna taro, ya kashe ƙarar wayar ya saka ta a durowar teburinsa. Da ya fito ya tarar da kira goma sha ɗaya. Teburin yana nan. Durowar tana nan.

Na ce masa likitocin sun faɗa, ko a bugun farko ya ɗaga, ba abin da zai canza. Ya ce ya ji sun faɗa.

Ya ce kuma na daina kiransa. Na ce kullum ina kiranka. Ya ce ba a waya ba.

Gaskiya ne. Tun cikin yana wata biyar na sa masa suna, da wanda muka zaɓa wa 'yarmu. Tun Fabrairu kuwa sai "ka ji", sai "sannu da zuwa". Na zata in na faɗa zan fama masa ciwo. Shi kuma ya zata na karɓe sunan ne saboda bai cancanta ba.

Ban iya faɗa ba yau.

Laraba, 22 ga Mayu, ƙarfe 6:30 na yamma

Na goge farar shaddarsa. Na jera takardun a fayil. Shi da kansa ya kira Zacharias, na ji yana cewa ya yafe masa. Zacharias ya ce yafiya sai an biya shi da tuwo, kuma a ajiye masa cokalinsa.

Gobe.

Alhamis, 23 ga Mayu, ƙarfe 4:15 na yamma

Maman Serah ta tsaya a ƙofarta ta ce Allah ya kai ku, za ta yi mana addu'a ita ma. Tasi muka ɗauka, don kada sitiyari ya kasance a hannunsa.

Zacharias yana jira a get. Ya ce ya matsar da teburin jiya, ya musanya da nasa, wai dama nasa ne ya fi kusa da fanka, asara ya yi. Layin ma a tsakar gida ake yi, ba sai an hau sama ba.

Ameer ya fito daga motar. Taku huɗu ya yi ya tsaya. Na ga gumin. Na ga ya ciro wayar ya damƙe ta. Mutane suna wucewa ta gefensa da fayil-fayil, wani har ya bangaje shi. Minti biyar. Minti goma. Mai tasi ya fara kallon agogo. Na ga kafaɗarsa ta fara juyowa wajen titi.

Na fita. Ban shirya komai ba, babu ko jimla ɗaya daga littafi a kaina. Na miƙa hannu na ce ya ba ni wayar.

"Ina nan a bakin get, Abban Ameera. Ba wanda zai kira ka. Ka shiga."

Ya daɗe yana kallona. Idonsa ya kawo ruwa, karo na farko tun Fabrairu, a gaban masu gadi da kowa. Bai goge ba. Ya sa min wayar a tafin hannu, da ɗuminta. Zacharias ya karɓi fayil ɗin ya yi gaba yana surutu, shi kuma ya bi shi a hankali kamar mai tafiya cikin ruwa.

Awa biyu da kwata na yi a kan dakalin mai sayar da katin waya. Ban buɗe littafi ba. Na kalli mutane.

Ya fito. Ya ɗaga min babban yatsansa. Na ce yaya ka ji? Ya ce bai ji daɗi ba, bai ji sauƙi ba, amma ya ji tsoro sosai, kuma rabonsa da ya ji wani abu har ya manta. A hanya ya yi barci a kafaɗata, mai tasi yana satar kallonmu ta madubi.

Sunansa yana nan.

Juma'a, 24 ga Mayu, ƙarfe 3:10 na yamma

Ya kai musu takardar likita. Ogansu ya ce ya riƙa yin rabin yini tukuna. Ranar Talata tawa ranar ce a wurin Dakta Prudence, ya ce zai raka ni. Ƙofar ƙaramin ɗaki tana rufe har yanzu. Mun yi maganar buɗe ta, ba mu sa rana ba.

Bayan Juma'a na ji tsayuwar mota. Na leƙa ta taga. Ya fito, ya rufe ƙofa, bai zagaya bayan mota ya buɗe but ba. Ya shigo fuskarsa a gajiye, babu dariyar, babu labarin cunkoso. Ya tsaya a tsakar falo yana kallon hannuwansa.

Ya ce, "Ban kawo komai ba."

Na ce na gani. Na ce sannu da zuwa, Abban Ameera, akwai sauran lemo ɗaya a firij. Na ɓare shi na raba biyu. Ya tauna a hankali, ya yamutsa fuska, ya ce wannan ai da tsami.